Amsa ga mai tambaya kan kwana biyu a Venis

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ku shiga Venis ta ƙasar Italiya kai da Hajiya kwana biyu, kana tambaya ko ƙafa za ta wadatar ko dole sai an hau kwalekwalen nan na hotuna, kuma ko akwai abin da Musulmi zai kalla a coci-cocinsu. Lokacin da nake karatu a Fadova na sha zuwa, don tafiyar rabin awa ce a jirgin ƙasa, to ga abin da na gani.

Mota ba ta shiga cikin garin. Daga tashar jirgin ƙasa ta Santa Luciya ko Fiyazale Roma, inda bas ke tsayawa, sai ƙafa ko ruwa. Tsibirai ne sama da 100 da aka ɗinke da gadoji fiye da 400, kuma kusan kowace gada matakala ce. Zuwana na farko na jawo ƙaton akwati mai taya, kafin in kai masauki kafaɗata ta gaya mini. Ku ɗauki jaka ƙarama da takalmin da ƙafa ta saba da shi. Lambobin gidaje ma ba na titi ba ne, na unguwa ne, unguwannin shida ne, don haka ɓata hanya dole ne. Ka riƙa ɗaga kai kana duba allunan nan masu ruwan ɗorawa a jikin bango, "Per Rialto" da "Per San Marco", za su fitar da kai.

Gondola kuwa, wato kwalekwalen nan na hotuna, kusan Yuro 90 ne rabin awa. Ni ban ga ribarsa ba. Ku hau vaporetto mai lamba 1, wato bas ɗin ruwa, ya bi da ku babbar hanyar ruwan daga farko har ƙarshe. In Hajiya ta matsa sai ta shiga kwalekwale, akwai tragetto da ke tsallakar da mutane, Yuro 2 ne kacal.

Batun coci, hukuncin shiga ka tambayi malamai, ni dai na shiga a matsayin mai kallo, kuma da yawa daga zane-zanen garin can suke rataye inda aka yi su. Ba sa barin mai gajeren wando ko buɗaɗɗiyar kafaɗa, to mai hijabi ba ta da matsala. Ku je babban cocin San Marko da sassafe kafin layi ya yi tsawo. Rufin ciki gaba ɗaya gutsattsarin gilashi ne masu ruwan zinari da aka jera ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin ku shiga, ka tsaya a ƙofar gefen dama ka ɗaga kai. Za ka ga zanen wasu masu rawani suna kau da fuska daga wani kwando. Labarinsu ne cewa a shekarar 828 fatake biyu na Venis suka sato gawar Markus, waliyyin Kirista da cocin ke ɗauke da sunansa, daga Iskandariyya, suka lulluɓe ta da naman alade don kada ma'aikatan kwastan Musulmi su taɓa. Na yi dariya ni kaɗai a wurin, wato sun san mu tun tuni. Dawakan tagulla huɗun da ke sama ma ganima ce daga Kustantiniya a 1204, na ainihin suna ciki, na waje kwafi ne.

Inda ya fi kama ni shi ne San Rokko, kusa da cocin Frari. Mai zane Tintoretto ya shafe fiye da shekara 20 yana cika bango da rufinsa da zane. Sun ajiye madubai, sai ka riƙe ɗaya a hannu kana tafiya kana kallon rufi ba tare da wuya ya ƙage ba. Daga nan in ƙafa da saura, ku miƙa unguwar Kannarejo, ku nemi Kampo dei Mori, inda gumakan wasu fatake masu rawani ke tsaye jikin bango, ɗaya har da hancin ƙarfe. Can babu cunkoso, sai shanya a kan igiya da tsofaffi suna hira.

Da daddare ana kiɗan Bibaldi a cocin San Bidal, gindin gadar Akademiya. Makaɗi ne ɗan garin, an haife shi a 1678, ya yi shekaru yana koya wa 'yan mata marayu gogen Turawa. Ban ɗauka zan zauna har ƙarshe ba, sai ga shi na zauna. Tikitin a ƙofa na saya.

Ku kwana cikin garin in aljihu ya yarda, ko a Mestre da ke tsallaken ruwa in ana neman sauƙi. Masu yini su koma an fara karɓar musu kuɗin shiga a wasu ranaku tun 2024. In tafiyar ta faɗo Nuwamba, ku sa ido kan ambaliya. Abinci ku tsaya kan kifi, ku riƙe kalmar "senza maiale", wato ban da alade, sannan ku tambaya ko an sa giya a miya. Salla kuwa kasaru na riƙa yi a masauki, Juma'a sai na tsallaka masallacin Margera, kusa da Mestre.