Amsa ga mai tambaya kan kwas ɗin zanen zamani da karatun hoto

Ƙanwata na ga tambayarki tun jiya, wai an haɗa miki kwas ɗin zanen zamani da karatun hoto a wannan samista, ke kuma ko da'ira ba ki iya zanawa ba, sannan ranar farko lakcara ya nuna muku ayaba da aka manna a bango da salatif ya ce fasaha ce, shine kike tambaya ko ki sauke kwas ɗin tun wuri. Toh ni na yi irinsa, kuma shawarata kada ki sauke.

Maganar iya zane ki cire ta a ranki, mu dai ba wanda ya ce mu zana komai don a ba mu maki, rubutu ne da kallo da gardama a aji. Kuma ba wanda zai tilasta miki ki so aikin da aka nuna. Abin da suke nema ɗaya ne, ki iya faɗin abin da ke gaban idonki kafin ki yanke masa hukunci, kuma wallahi wannan ya fi yadda kike zato wuya. Lakcararmu takan saka hoto a allo ta ce kowa ya rubuta abin da ya gani na minti goma, banda kalmar kyau, banda muni, banda "ya burge ni". Sai ki ga aji ya yi tsit, mutum ya rubuta layi biyu ya tsaya yana cizon biro, saboda duk mun saba da gani ɗaya mu ce ya yi ko bai yi ba mu wuce. Tsarin da ta bi da mu hawa huɗu ne, ki bayyana abin da ke wurin, ki duba yadda aka jera shi wato launi da haske da layi da inda ido ke fara sauka, sannan ki fassara, hukunci shi ne na ƙarshe. Yawancin waɗanda suka sha ƙasa a asaimen tsalle suke yi daga hawa na farko zuwa na huɗu.

Ita ayabar kuma, ta Maurizio Cattelan ce ɗan Italiya, an nuna ta a baje kolin Art Basel na Miami a 2019 aka saye ta dala 120,000, sannan a Nuwamba 2024 aka yi gwanjonta a gidan gwanjo na Sotheby's a New York kan dala miliyan 6.2, wanda ya saya ma daga baya cinye ta ya yi a gaban 'yan jarida. Kuma bai yi asarar komai ba don ba ayabar ya saya ba, takardar shaida ya saya da bayanin yadda ake mannawa, in ta ruɓe a canza wata. Kin ga a nan tambayar ta tashi daga "wannan zane ne?" ta koma "to me ake sayarwa, kuma wa ya ce yana da daraja?" Tambayar ma ba sabuwa ba ce. A 1917 wani mai fasaha ɗan Faransa, Marcel Duchamp, ya ɗauki mazubin fitsari irin na banɗakin maza, ya sa masa hannu da sunan R. Mutt, ya aika wa wani baje koli a New York wanda dokarsa ita ce duk wanda ya biya kuɗin shiga za a nuna aikinsa, amma suka ƙi nunawa. Na asalin ya ɓace, hoton da Alfred Stieglitz ya ɗauka ne ya rage, waɗanda ke gidajen adana kayan fasaha yanzu kwafi ne da aka yi daga baya. Ni a ra'ayina na Duchamp ya fi nauyi nesa ba kusa ba, shi ya yi kasada a lokacin da ba wanda zai tafa masa, ayaba kuwa ta zo bayan shekara ɗari lokacin da kasuwa ta riga ta san yadda ake cin kuɗi da abin mamaki. Haka na rubuta a takardata kuma na samu maki mai kyau, duk da lakcarar ba ta yarda da ni ba, don na kawo hujja daga aikin kansa. Kina da damar cewa abu shirme ne, ki dai nuna ta ina.

Wanda ya sa na daina yi wa kwas ɗin kallon wasa shi ne El Anatsui, ɗan Ghana ne da ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975. Daga nesa aikinsa kamar wani ƙaton mayafi ne na zinare da ja da ya sauko daga saman bango yana naɗewa, sai an matso da hoton kusa ki ga ashe murafan kwalaben giya ne, dubbai, an buɗe su an dandaƙe an huda an ɗinke da siririyar wayar tagulla, har sunan kamfanin kina iya karantawa a jikin wasu. Toh daga nan fassara ke buɗewa da kanta, don giya tana cikin kayan da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma suna musaya har da bayi, ga kuma maganar shara da abin da muke zubarwa, ga hannun mutane da yawa da suka zauna suka ɗinka. Kuma ba ya ƙayyade yadda za a rataye, duk gidan da ya karɓa shi zai naɗe yadda ya ga dama, don haka aiki ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu. A 2015 aka ba shi kyautar Zakin Zinare ta baje kolin Venice. In kin tsaya a "mayafi mai kyau" duk wannan ya wuce ki.

Ɓangaren karatun hoto shi ne zai bi ki har bayan makaranta. Tambayoyin ba su da yawa, wa ya ɗauka, daga ina ya tsaya, me aka yanke a gefe, wane rubutu aka sa a ƙasa, wa zai amfana in na yarda. Kamara in ta kalli mutum daga ƙasa sai ya yi girma da kwarjini, in daga sama ne sai ya ƙanƙance, taron mutum hamsin in aka matse hoton sai ya zama kamar cincirindo. An nuna mana hoton Stalin, tsohon shugaban Tarayyar Soviet, a bakin ruwa tare da Nikolai Yezhov shugaban 'yan sandan sirrinsa, bayan an kashe Yezhov a 1940 sai aka goge shi aka cike gurbin da ruwa, tun babu kwamfuta fa. Sai kuma na Fafaroma Francis cikin farar jaket mai kumburi da ya zagaye intanet a Maris 2023, wanda ba na gaske ba ne, da manhajar ƙirƙirar hoto ta Midjourney aka haɗa, mutane da yawa sun yarda alhali in kin zuƙo hannun da ke riƙe da kofi za ki ga yatsun ba su zauna daidai ba. Har jadawalin alƙaluma muka duba, yadda in ba a fara ƙirga daga sifili ba ɗan bambanci kaɗan sai ya zama kamar tsauni.

Ba wai kwas ɗin ba shi da matsala ba. Wasu takardun da ake ba da su a karanta turancinsu ya yi kauri ba gaira ba dalili, shafi uku kan abin da za a faɗa a layi biyar, kada su tsorata ki, ki nemo aikin da suke magana a kai ki kalla da kanki tukun sannan ki koma karatun. Misalan ma sun fi karkata Turai da Amurka sai kin matsa da tambaya. Kuma kallo ta firojekta yana cinye girman abu, aikin da ya rufe bango guda da wanda bai wuce tafin hannu ba duk girmansu ɗaya a allo, shi ya sa kullum ki duba awon da aka rubuta a ƙasa da kayan da aka yi shi da su da shekarar, lakcarori suna lura da wanda ya ambaci waɗannan.

In asaimen ɗin farko ya zo, ki zaɓi aiki ɗaya tak, kada ki tara biyar, sakin layi na farko gaba ɗaya ki ba wa bayanin abin da ke wurin kamar kina faɗa wa wanda ba ya gani ta waya. In kin rubuta ki turo nan ko ta inbos in duba miki kafin ki miƙa.