Makarantar da ta yaye firaministoci 20

Tambaya: Malam don Allah wai da gaske ne akwai wata sakandaren kuɗi a Ingila da shugabanninsu da yawa suka yi? Mun yi ta musu a majalisarmu jiya. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙwarai kuwa ɗan'uwa, Eton sunanta, tana kusa da garin Windsor da ke yamma da Landan. Sarki Henry na 6 ne ya kafa ta a 1440 kuma asali don yaran talakawa 70 ya gina ta su yi karatu kyauta, amma yau kuɗinta ya haura fam dubu 50 a shekara, abin da ke min ciwo kenan wallahi. Maza zalla take ɗauka, ɗan shekara 13 sanye da baƙar kwat mai jela. Tsofaffin firaministoci David Cameron da Boris Johnson duk can suka yi, haka ma Yarima William da ƙaninsa Harry.