Kano a Kan Keke? Ka Fara Gwada Abeokuta Tukuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 24, ina sayar da takalma a Agege. Na sayi keke mai giya na hannu, kuma raina ya biya in hau shi har gida Kano bayan damina. Abokaina sai dariya suke mini, wai a bayan motar shanu zan ƙarasa. Na ji an ce ka taɓa doguwar tafiya a keke. Don Allah yaya yini guda yake a hanya, kuma kilomita nawa mutum zai iya ci?
Daga mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsakaninka da Kano akwai wajen kilomita 1,000. In kana cin 80 kullum, da ranakun hutu, mako biyu ke nan a kan sirdi. Bari in ba ka labarin yinina na farko, daga Agege zuwa Abeokuta, wanda shi ma wajen kilomita 80 ne, sai ka auna.

Na yi Asuba, na jira gari ya ɗan waye, don fitilar keke ba ta tsorata direban danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas. A kariyar bayan keken na ɗaure jaka: famfo, tiyub guda, kayan faci, dabino, ƙuli-ƙuli, gora biyu na ruwa da katin shaidata. Daga Abule Egba zuwa Sango Ota ido ne ke aiki fiye da ƙafa. Danfo zai sha gabanka ya tsaya cak saboda fasinja ɗaya, don haka yatsunka kada su bar birki. Na wuce Sango ina jin kaina zaki. A Ifo na zauna teburin mai shayi, wani Basakkwace, ya dubi keken ya dube ni ya ce, "Malam, kuɗin mota ne babu? Mu haɗa maka." Na ci burodi da ƙwai na yi gaba.

Kuskurena ya faro ne daga jin daɗin safiyar nan. Na riƙa taka giya mai nauyi ina tsere da 'yan acaɓa, ga shi na tsaya shan rake a Papalanto har rana ta ɗaga. Wajen Ewekoro, inda masana'antar siminti take, tireloli ne ke bin juna. Iskar tirela in ta wuce ka sai ta ture ka, ta kuma jawo ka wajenta. Da ka ji ƙugin babbar mota a baya, sauka gefe, ko da cikin tsakuwa ne. A tsakuwar ce ƙusa ta same ni. Na canza tiyub a gindin bishiya, hannu duk baƙin man sarƙa, gumi na shiga ido.

Daga sha biyu zuwa uku ba lokacin keke ba ne a ƙasar Yarbawa. Zafin nan da laima yake zuwa, gumi ba ya bushewa, jiki kuwa sai gumi ya bushe yake yin sanyi. Na fake a wani masallaci a Itori, na yi Azahar, na miƙe a tabarma. Da na tashi ban yi nisa ba, wajen Wasimi, jijiyar cinyata ta ɗaure har na sauka ina ɗingishi. Tun safe ruwa zalla nake kwankwaɗa, alhali gishirin jikina yana bin gumi. Yanzu ba na fita sai da ƙullin gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa, in zuba a gora ɗaya. Kuma ina ci kafin yunwa ta zo, ko dabino uku ne kowace awa.

Na hau gadar Lafenwa, kogin Ogun a ƙasa, ana shirin kiran Magariba. 'Yan'uwa a Sabo suka ba ni ruwan wanka da tuwo.

To, abin da masu dariyar ba su sani ba, kai ma ba ka sani ba, shi ne washegari. Na ɗora mazaunaina a sirdi na ji kamar garwashi. A nan ake gane mai zuwa Kano. Ka sa mai gyaran keke ya daidaita maka tsayin sirdi, yadda gwiwa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka, ka nemi wando mai soso da hular kwano.

Maganar Arewa kuma, ka riƙa tambayar direbobi a tasha halin hanyar gaba. Inda suka ce babu lafiya, ɗora keken a mota, kuma kada Magariba ta same ka a daji.

Ranar Asabar ka tafi Abeokuta, Lahadi ka dawo Agege a kan keken. In ka iya buɗe shago ranar Litinin, rubuto mini mu tsara zango-zango har Jebba.