Wane hannu ke jera abubuwan da ke cikin IC ɗin waya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran waya ne a Terminus, Jos. Na ji an ce cikin IC guda akwai tiransista biliyoyi. Da wane hannu ko inji ake jera su? Kuma me ya hana mu buɗe shi mu gyara idan ya ƙone?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. IC ɗan guntu ne mai ɗauke da da'irar lantarki, tiransista kuma ƙanƙanin makunni ne da ke buɗe wa lantarki hanya ko ya rufe ta. IC ɗin Intel 4004 na 1971 tiransista 2,300 gare shi, shi kuwa A17 Pro da Apple ya sa a iPhone 15 Pro a 2023 yana da biliyan 19. Amma fa ba jera su ake yi ba. Da haske ake buga su, kusan yadda masu situdiyo ke wanke hoto a da.

Daga ma'adinin kwaz ake tace silikon, a yanka shi faifai-faifai masu faɗin milimita 300. Sai a shafa wa faifan wani sinadari mai jin haske, a haska masa zanen da'irar lantarkin bayan an ƙanƙance shi. Inda haske ya taɓa ya wanku, a zaizaye wurin da iskar gas ko a cusa masa sinadarin boron ko fosfaras, a shimfiɗa wani sabon rufi, a sake. Haka za a yi ta yi, hawa bisa hawa, har watanni. Ma'aikata na rufe jiki ruf, ido kawai, domin ƙwayar ƙura ɗaya tana iya kashe IC sukutum. Wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu: ba abin da aka ɗaura a ciki balle a kwance. Wayoyin tagullar da tiransistocin duk jiki guda ne, in ya ƙone sai canji.

Inda aikin ya fi wuya shi ne hasken kansa. Raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi guda shi ne nanomita. Zane mai sirantar haka sai haske mai gajeren zango, nanomita 13.5, kuma a nan ne ya kamata mutumin Jos ya kasa kunne, don da kuza ake samar da shi, irin ƙarfen da aka haƙa a Bukuru da Barikin Ladi, wanda kuma ke cikin dalmar da kake liƙi da ita. Ana harbo ɗigon narkakkiyar kuza sau 50,000 a daƙiƙa, leza, wato kakkarfan haske da aka tattara wuri guda, ta daki kowanne, ya yi zafi har ya fitar da hasken. Iska na shanye shi, gilashi ma haka, shi ya sa ake zuƙe iskar cikin injin, a juya hasken da madubai na kamfanin Zeiss na Jamus. Kamfani ɗaya tak ke ƙera wannan injin, ASML na ƙasar Holan, kuma kuɗin guda ya haura dala miliyan 100. TSMC na Taiwan, kamfanin da ke buga IC, na cikin manyan masu saye.

In kwastoma ya zo yana cika baki wai wayarsa “nanomita 3” ce, kada ka ɗauka awon tiransistar ke nan. Sunan zubin ne kawai, rabinsa talla.