Kwana biyu a Alƙahira: dala, gawar Fir'auna, ko sabon gidan tarihi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rako Baba asibiti a Alƙahira, likita ya ba mu kwana biyu kafin ya sake duba shi. Baba ya dage sai ya ga dala da gawar Fir'auna kafin mu koma gida. Wani direba ya ce mu ba shi kuɗi a dunƙule, ya zagaya da mu ko'ina a yini ɗaya. Mu yarda? Daga wata mai karatu, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Kada ku yarda da yini ɗaya. Wuraren da Baba ke son gani ba a waje guda suke ba, ga cunkoson motocin Alƙahira, ga mai jinya. Ku raba su kwana biyun.

Ku fara da gawarwakin, domin nan ne mutanenmu suka fi ɓata kuɗin mota. Da yawa suna nufar tsohon gidan tarihi na Dandalin Tahrir, alhali tun watan Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 22, maza 18 da mata 4, zuwa Gidan Tarihin Wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Zauren yana ƙarƙashin ƙasa, da sanyi da ƙarancin haske, kowace gawa a cikin akwatin gilashi da sunanta, kuma ba a ɗaukar hoto. Baba zai tsaya dab da Ramses na Biyu, ya ga gashin kansa da lanƙwasar hancinsa da 'yan yatsunsa, mutumin da ya yi mulki shekara 66. Idan ɗan rakiya ya buga ƙirji ya ce ga Fir'aunan Annabi Musa (AS), ku sani masana ba su haɗu a kan sarki ɗaya ba: wasu na cewa Ramses ɗin ne, wasu na cewa ɗansa Merneptah, wanda shi ma yana zauren. Daga nan masallacin Amru ɗan Asi ba nisa, sai ku yi azahar a can.

Washegari ku yi sammako zuwa Giza kafin rana ta take. Ku tafi da katin banki, don da shi ake sayen tikiti. Shawarata mai ƙarfi: kada ku sayi tikitin shiga cikin babbar dala ta Sarki Khufu. Kuɗinsa daban ne, kuma hanyar hawa ce matsattsiya da mutum ke bi a sunkuye, cikin zafi da ƙarancin iska. A ƙarshe ɗaki ne na dutse, babu zane, babu zinari, sai akwatin gawa da ba kowa ciki. Ba wahalar da za a ɗora wa mai shan magani ba ce. Abin mamakin yana waje: ginin da ya kai kusan mita 146 a farkonsa, shekaru wajen 4,500 da suka wuce, duwatsun jerin ƙasa wasu sun kai ƙirjin mutum. Baba ya dafa ɗaya da hannunsa, ku gangara wajen Abul Haul, ƙaton gunkin dutsen nan mai jikin zaki da kan mutum, ya wadatar. Masu raƙuma kuwa, ku gama ciniki kafin kowa ya hau, a faɗi kuɗin da fam ɗin Masar, hawa da sauka.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Azhar, aljihu ba nauyi. Tsohon gidan tarihi zan shiga ko sabon? Daga wani mai karatu ɗan Damagaram.

Amsa: Malam, in ɗaya za ka iya, shiga sabon, wato Babban Gidan Tarihin Masar (ba na Fusɗaɗ ba), wanda aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamban 2025 kusa da dalar Giza. Can aka haɗa kayan Sarki Tutankhamun sama da 5,000 da aka samo a kabarinsa na Luksor a 1922, har da abin rufe fuskarsa na zinari, ga jirgin ruwan Khufu na katako, ga mutum-mutumin Ramses mai mita 11 da ke tarbar ka a zaure. Tafi da katin ɗalibi, ana rangwame. Amma tunda kana gari, tara kuɗin mota ka je Saƙƙara, tsohuwar maƙabartar sarakuna da ke kudu da Giza, wata rana. Dalar Sarki Zosa mai hawa shida da magininsa Imhotep ya tsara ta girmi na Giza, kuma a cikin dalar Sarki Unas da ke can za ka ga bango cike da rubutu, abin da ba za ka samu a ta Khufu ba.

Tambaya: Wani ya nuna mini ɗan gunki a ɓoye, ya ce na ainihi ne daga kabari. In saya a matsayin tsaraba? Daga wani ɗan kasuwa, Accra.

Amsa: Alhaji, rufa wa kanka asiri. In jabu ne ka yi asara, in na gaske ne ka shiga hannun hukuma, domin dokar Masar ta 1983 ta haramta cinikin kayan tarihi da fitar da su. Sayi kwaikwayo a shagon gidan tarihi, ka riƙe rasit. Takardar papirus ma, wato irin wadda mutanen Masar na dā ke rubutu a kai, a kula: mai arhar da ake tallarta a bakin hanya sau da yawa ganyen ayaba ce, tana karyewa in an lanƙwasa. Ta gaske, ɗaga ta a haske za ka ga zaruruwanta sun gitta juna, tsaye da kwance.