Amsa ga mai tambayar komawa Harazat ko Hamdaniyya da iyali

Ƙanwata, kin ce maigida na so ku bar cikin Jidda ku koma Harazat ko Hamdaniyya saboda tsadar haya, kina tambaya ko zaman bayan gari zai yi wa mai yara huɗu. Ni a Harazat nake tun 2022, lokacin da rusau ya bi ta unguwannin Gulel, Petromin, Sabil da Kandara ya watsa mu.

Gida kam za ki samu, da fili da iska. Abin da kike biya a ɗaki biyu cikin gari, a nan yakan ba ki uku da falo, kuma yara na buga ƙwallo a ƙofar gida bayan la'asar hankalinki kwance.

Sai dai mazanmu lissafin haya kaɗai suke yi, su manta da hanya. In mota ɗaya ce kuma maigida ya fita da ita tun asuba, kin zama 'yar tsare gida har dare. Makarantar maza daban, ta mata daban, sau da yawa ba a gefe ɗaya suke ba, sai kin ɗauki direban wata-wata. Yaro ya yi zazzaɓi da rana, sai Uber ko Careem. Ku zauna da biro da takarda, ku haɗa mai, direba da kuɗin zirga-zirga, ku ɗora a kan riyal 400 da masu iƙamar aiki, wato takardar izinin zama, ke biya wa kowane ɗan gida duk wata, sannan ku ga ko da gaske an rage wani abu. Mata sun samu izinin tuƙi tun 2018. In da hali ki koya, ni dai shi ya cece ni.

Kafin ku sa hannu, ki tambayi ruwa: na famfon gwamnati ne ko sai an kira wayit, wato tankar ruwa? Tankin ƙasa yana da girma? Bayan gida yana haɗe da magudana ko rami ne da ake kiran mota ta kwashe, kuma wa ke biya? Mitar wuta taku ce ku kaɗai? Kada ku karɓi gida da baki kawai, a rubuta yarjejeniya a Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya. Sannan ambaliya. Wanda ya ga ruwan Nuwamba 2009 da ya ci mutum sama da 100, musamman a Guwaiza da unguwannin gabashin babban titin Haramain, ba ya raina kwari don ya gan shi a bushe. An gina madatsai bayan nan, amma ki dubi ƙasan katanga ko akwai shatar ruwa. Dillali ba zai gaya miki ba, mai baƙalar layin, wato mai kanti, za ki tambaya.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa ba kuɗi ba ne. A tsohuwar unguwa, kina atishawa maƙwabciya ta ce yarhamukillahi. Haihuwa, suna, rasuwa, adashi, mai kuka da daddawa a bayan layi, duk da ƙafa. A nan katanga dogaye, ƙofa a rufe. Maƙwabtana Saudawa ne da 'yan Yaman da 'yan Sudan, mutanen kirki, da azumi ma muna musayar kwano, amma ba mai shigo miki ba sanarwa. Yarana ƙanana Hausarsu ta fara tsinkewa, don a waje Larabci ne zalla. Shi ya sa nake cewa kada ki fara da neman gida, ki fara da neman inda mutanenki suka sauka. Gidan Hausawa biyu da za ki iya takawa sun fi ƙarin ɗaki.

Tsakanin wuraren biyu, aikin maigida ne zai raba gardama. Hamdaniyya arewa take, wajen filin wasa na Jauhara, gine-ginenta sababbi, ta dace da mai aiki wajen filin jirgi. Harazat na kusa da hanyar Makka, ga mai dangi can ko mai yawan umara. Ku je ku ga gidan da safe lokacin cunkoso, ku sake komawa bayan isha, kuma ki bi shi da kanki, kada ki yarda da hoton waya.