Tambaya da Amsa: Waya Ta Ce Mita Ɗaya da Rabi, Teku Ta Nuna Masa Wani Abu Daban

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na ambaci manhajar hasashen yanayi ta Windy a amsar da na ba wani manomi kan ruwan sama, sai ga saƙonni suna ta shigowa daga 'yan'uwanmu na bakin teku, Legas da Gana musamman, kuma yawancinsu kan igiyar ruwa ne da iska. Ashe yaranmu da yawa sun shiga wasan nan na hawa allo a kan igiyar teku. To bismillah, na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Malam, wace manhaja ce ta fi kyau wajen duba yadda teku za ta kasance? Daga wani ɗalibi a Legas.

Amsa: Windy. Kyauta ce, 'yan ƙasar Cek ne suka yi ta tun 2014, kuma taswira take nuna maka kana ganin iska na tafiya da idonka. In kana son tebur na lambobi zalla ka ƙara da Windguru. Ka sauke daga Play Store, kar ka karɓa ta Xender a hannun aboki.

Tambaya: Oga barka da aiki. Ina sayar da kayan waya a Obalende, ƙarshen mako nakan tsallaka Tarkwa Bay, wani bakin teku a nan Legas, ina koyon hawa allo. Wani ya tura sikirinshot a gurup ɗinmu, an rubuta tsayin igiya Asabar mita 1.5, Lahadi 0.9. Na rufe shago ranar Asabar na biya kuɗin kwale-kwale, na tarar da ruwa a hargitse kamar ana dama kunu, ko tsayuwa ban yi a allon ba. Waɗanda suka je Lahadi da safe suka dawo suna ta yabo. Manhajar nan ƙarya take yi ko? Ga hoton na haɗo.

Amsa: Ƙanena zauna, yau da kai nake. Na buɗe hoton da ka turo, kuma manhajar ba ta yi maka ƙarya ko ɗaya ba, kai ne ka karanta layi ɗaya cikin huɗu ka rufe waya ka ruga jeti. Mai sayar da caja ne kai fa, in kwastoma ya zo ya ce ba ni babbar caja kawai, bai duba wat ba bai duba bakin ba, ai dariya za ka yi masa. To abin da ka yi wa teku ke nan.

Duba ƙarƙashin 1.5 ɗin nan na Asabar, akwai wata ƙaramar lamba, 7, da harafin s a gefenta. Ƙarƙashin 0.9 na Lahadi kuma an rubuta 14. Wannan ita ce tazarar sakan tsakanin igiya da mai bi mata, kuma wallahi ita ce lambar da ta fi komai muhimmanci a shafin gaba ɗaya amma ita ce wadda kowa ke tsallakewa, abin yana ci min rai. Igiyar da ke zuwa duk bayan sakan 6 ko 7 iskar kusa ce ta haife ta, nan gefenku aka kaɗa ta, tana zuwa a cakuɗe wannan na hawa kan wancan, ba ta da tsari ba ta da ƙarfin tura allo. Wadda ke zuwa duk sakan 13 ko 14 ko sama, ita ce masu wasan ke kira suwel na nesa, daga can kudancin tekun Atlantika take tasowa inda guguwa ke tashi, nisan sama da kilomita dubu biyar daga Legas. Tana tafiya kusan kilomita 40 a awa, ta yi kwana biyar zuwa shida a hanya, kuma a wannan doguwar tafiyar ne tarkacen ƙananan igiyoyi ke zubewa a baya, manyan su jeru sahu-sahu kamar an ja musu layi.

Ga lissafin in kana so. A ruwa mai zurfi, tsawon igiya daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa kusan 1.56 ne sau tazarar sakan sau kanta. Ta sakan 7 mita 76 ke nan. Ta sakan 14 ta haura mita 300, filin ƙwallo uku a jere. Ka ga ruwan da ke motsi a ƙarƙashin ta biyun ba kaɗan ba ne, shi ya sa in ta iso gaɓa ta taɓa yashi sai ta miƙe tsaye, 0.9 ɗin da ka raina ta zama ta kai maka kafaɗa ko ta wuce.

Sai layin iska, shi ma ba ka kalla ba. Asabar da azahar hoton ya nuna SW, wato kudu maso yamma, da lamba 15 ta ƙarfin iska. Haruffan nan suna faɗa maka inda iskar ta fito ne, kibiyar kuma tana nuna inda ta dosa, mutane da yawa suna juya wannan. Gaɓar Legas kudu take kallo. Iskar da ta fito daga kudu maso yamma daga cikin teku take zuwa, tana tura igiya ta baya tana murƙushe mata kai kafin ta gama miƙewa, kunun da ka gani ke nan. Wadda ake so ita ce mai fitowa daga tudu, arewa ko arewa maso gabas, tana busa fuskar igiyar tana riƙe ta a tsaye sumul, ko kuma babu iskar ma sam. Lahadi ƙarfe bakwai na safe hotonka lamba 3 ya nuna. Kuma wannan kusan kullum ne a gaɓar nan, da asuba iska a kwance take, rana na dumama ƙasa sai iskar teku ta fara shigowa, kafin la'asar ta ɓata komai. Kai kuma sai da ka yi ciniki har sha biyu sannan ka tafi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma na sha faɗa a shafin nan kan hasashen ruwan sama ma. Sikirinshot. Haba jama'a. Hoton da ka turo min an yanke samansa, babu ranar da aka ɗauka, babu sunan wurin. Wa ya sani ko ranar Litinin aka ɗauka, ko ma na wani bakin tekun ne? Kwamfutocin da ke yin wannan hasashe ba sa zama. GFS, tsarin hasashen yanayi na Amurka, sau huɗu a rana ake sake lissafa shi, duk bayan awa shida, abin da ya faɗa jiya da dare yau da hantsi ya gyara shi. Kai kuma ka ɗauki hoton da ya kwana biyar yana yawo a WhatsApp ka rufe shago a kansa. Datar da za ka kashe ka buɗe manhajar da kanka ba ta kai ta bidiyo ɗaya na TikTok ba. Wannan karon kuɗin kwale-kwale ka yi asara da cinikin rabin yini, alhamdulillahi. Amma ka juya abin, a ce hoton ya nuna ruwa kwance, ka ɗebi ƙannenka da suka zo hutu daga gida waɗanda ko kududdufi ba su taɓa shiga ba, ku je ku tarar da suwel na sakan 15 ya iso da daddare. Irin wannan ruwan yaudara gare shi, sai ya yi shiru na mintoci kamar tafki, mutum ya saki jiki ya shiga har ƙirji, sai manya uku ko huɗu su zo a jere. Kuma lambar tsayin da kake gani a waya matsakaicin manyan igiyoyin ne, kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi, jefi-jefi ɗaya takan zo ta kusa ninka ta.

Ga yadda nake yi, kuma ina so ya zama ɗabi'arka. Daren Juma'a ka buɗe Windy ka danna kan teku daidai wajen, ba kan tudu ba, ka kalli tazarar sakan tukuna, sannan iska, tsayi shi ne na ƙarshe. Da asuba bayan sallah ka sake buɗewa. Ka sauya tsakanin hasashen ECMWF na Turai da na GFS a ƙasan allon wayar, in bakinsu ya zo ɗaya to ka tafi da ƙwarin gwiwa, in sun saɓa ka kira wani da ke can ya leƙa maka. In ka isa kuma ka zauna a yashi minti goma sha biyar kana kallo kafin ka jiƙa ƙafa. Kwamfutar nan teku take yankawa gida-gida, kowane gida kilomita tara ko sama da haka, ba ta san da katangun duwatsun da suka kare mashigar tashar jiragen Legas ba, alhali su ne suke tare wa Tarkwa Bay ƙarfin ruwa. Shi ya sa lamba ɗaya za ta ba ka ruwa mai sauƙi a cikin Tarkwa, ka zagaya bayan duwatsun zuwa Lighthouse Beach ka tarar da abin da ya fi ƙarfinka. Can ba wajen ɗan koyo ba ne, ka bar shi sai ka ƙware.

Wanda ya turo hoton a gurup kuma ka gaishe min da shi, ka ce nan gaba ya tura link.

Tambaya: Na nemi Magicseaweed, manhajar hasashen igiyar teku, a wayata sabuwa ban samu ba. Daga Akara.

Amsa: Ba za ka samu ba. Surfline, wani kamfanin hasashen igiya, ya saye ta a 2017, a 2023 kuma aka rufe ta aka haɗe komai cikin Surfline. Can za ka nema.

Tambaya: Malam ni da maigidana muna da wajen sayar da abinci kusa da Busua, yamma da Takoradi a Gana. Baƙi masu hawa allo su ne rabin cinikinmu. Ina so in riƙa sanin lokacin da za su cika don in san yawan cefane. Waya za ta iya gaya min?

Amsa: Hajiya wannan tambaya ta yi min daɗi, ke ce kika fi kowa amfani da kai a makon nan. Za ta iya, har ma ke kin fi masu allon samun sauƙi, don suwel na nesa ana hango shi tun kwanaki kafin ya iso tunda yana kan hanya ne, iska ce ke da saurin canja ra'ayi. Ki riƙa duba kwana uku zuwa biyar masu zuwa, in kika ga tazarar sakan ta haura 12 a ƙarshen mako ki ƙara shinkafa. Abin da ya wuce mako guda kar ki sayi ko albasa a kansa, duk da GFS na nuna har kwana 16.

Na shekara kuma ki riƙe wannan. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba lokacin sanyi ne a kudancin duniya, guguwa ta fi yawa a can, nan ne igiya ta fi girma a duk gaɓar Gana da Najeriya, sai dai iskar damina ta kudu maso yamma na yawan ɓata ta da rana. Disamba da Janairu igiyar takan ragu, amma hunturunmu na gida, iskar nan mai hazo da ke fasa mana leɓe a Arewa, in ta gangaro har bakin teku daga tudu take fitowa, sai ta gyara ruwan ya yi santsi. Lokacin 'yan koyo da masu hutu ke nan.

Tambaya: A tsayin igiya, abokina nasa ya nuna 4, nawa ya nuna 1.2, wuri ɗaya rana ɗaya. Wayata ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Nasa a ƙafa yake, naka a mita, mita ɗaya ƙafa 3.28 ce. Ku shiga setin. Haka iska, in ka ga kt to not ne, ma'aunin gudu na masu jirgin ruwa, kowane ɗaya kilomita 1.85 a awa.

Tambaya: Shafin da nake duba cikar teku da janyewarta kullum yana kuskure da awa ɗaya. Daga Legas.

Amsa: Agogon duniya na UTC yake bi, Najeriya tana gabansa da awa ɗaya, ka ƙara ɗaya ko ka gyara a setin. Mutanen Gana ba su da wannan matsalar, agogonsu daidai yake da shi. Kuma kar ka haddace lokacin jiya, teku na cika sau biyu a yini, kullum kuma lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50.

Tambaya: Wayata IP68 ce, wato mai jure ruwa, zan iya shiga teku da ita in ɗauki bidiyo?

Amsa: A'a ɗan'uwa. Da ruwan daɗi mara motsi ake wannan gwajin, ruwan gishiri kuma cin ƙarfe yake, zai fara da ramin caji, bayan sati biyu ka zo kana tambayata me ya sa ba ta caji. Ka sayi jakar roba mai rufewa ta rataya a wuya, ka gwada ta da tishu a cikin bokiti kafin ka sa waya. In ma ta riga ta sha gishirin, kashe ta, ɗauraye bakin cajin da ruwa mai tsabta kaɗan, ka bar ta ta bushe a inuwa yini guda kafin ka jona, kuma kar ka binne ta a shinkafa, ka bar shinkafa a tukunya.